Da Me Ake Auna Tasirin Masanin Kemistiri? Abin da Aikin Akira Suzuki ke Nunawa

Tambaya: Ina karatun digiri na biyu a kemistiri. An ba ni aikin gabatar da bayani a kan wani masani da ya yi tasiri a fannin katalis da haɗa sinadarai masu kabon, sai na zaɓi Akira Suzuki. Wani abokin karatuna ya ce in kawo yawan maƙalolinsa da yawan waɗanda suka ambace su, ya ce su ne ma'auni. Haka ne? In ba haka ba, da me zan auna?

Amsa:

Ƙanwata, zaɓinki ya yi kyau. Ki kawo alƙaluman da abokin karatunki ya ce, domin malamanki za su so ganinsu, amma kada ki ɗora bayaninki a kansu. A wannan fanni namu, abin da ke nuna girman mutum shi ne a ce wani da bai taɓa ganinsa ba, a wata ƙasa, da nasa kwalabe da nasa hannu, ya ɗauki hanyar da ya gano ya gwada ta a kan sinadarin da mai hanyar bai taɓa tunaninsa ba, kuma ta yi aiki. In ta yi wa mutum ɗaya, an samu maƙala. In ta yi wa dubbai shekara da shekaru har suka daina tunanin wata hanyar, an samu tasiri. Tarihin Suzuki zai nuna miki inda alƙaluma ke faɗin gaskiya da inda suke yin shiru.

Bari mu fara da matsalar da ya tarar. Duk maganin da kika gani a kemis, in ba 'yan kaɗan ba, ƙashin bayansa atam-atam ne na kabon da aka ɗaura wa juna. Kabon da ya riga ya zauna a cikin sinadari ba ya son ɗauri da wani kabon, sai an tunzura shi. Victor Grignard na Faransa ya samo hanyar tunzurawa a 1900, ta manna masa maganiziyam, kuma ya samu Nobel a 1912. Sai dai kabon ɗin Grignard ya cika zafi: ɗigon ruwa kaɗan yana kashe shi, kuma yana afka wa duk wani sashe mai rauni da ya gani a jikin sinadarin, ba wanda kike nufi kaɗai ba. Ga kuma wata matsalar ta daban, wato haɗa zoben benzin, da'irar atam shida na kabon, da wani zoben benzin. Hanyar Ullmann ta 1901 tana yi da jan ƙarfe, amma sai da zafi mai tsanani, kuma ta fi dacewa da haɗa zobba biyu iri ɗaya. Mai haɗa magani kuwa kusan kullum zobba biyu mabambanta yake son haɗawa.

An haifi Suzuki a 1930 a garin Mukawa da ke tsibirin Hokkaido, can arewacin Japan, kuma a Jami'ar Hokkaido da ke Sapporo ya yi karatu ya yi aiki har ya yi ritaya a 1994. A 1962 ya ci karo da littafin Herbert C. Brown mai suna Hydroboration a wani kantin littattafai, littafin ya kama shi, ya rubuta wa Brown wasiƙa, ya tafi Jami'ar Purdue a Amurka ya yi aiki da shi daga 1963 zuwa 1965. Brown shi ne ya koya wa duniya yadda ake manna boron a jikin kabon cikin sauƙi. Da Suzuki ya koma gida, tambayar da ya riƙe ita ce: tunda yanzu muna iya yin waɗannan sinadarai masu boron, yaya za a yi su ba da kabon ɗinsu a ɗaura shi da wani?

A wancan lokaci amsar da aka saba ji ita ce ba za su bayar ba. Ɗaurin da ke tsakanin kabon da boron ba shi da karkata sosai zuwa gefe ɗaya, don haka kabon ɗin yana zaune lafiya, ba ya neman kowa. Shi ya sa sauran masu bincike suka nufi ƙarafa masu kuzari. Kumada a Japan da Corriu a Faransa sun yi da maganiziyam da nikel a 1972. Ei-ichi Negishi, wanda shi ma ya yi aiki a ƙarƙashin Brown, ya yi da zink a 1977. John Stille ya yi da kuza, hanyarsa kuma tana aiki ƙwarai, sai dai sinadaran kuza masu kabon guba ne kuma da wuya a wanke su daga abin da aka haɗa.

Nan ne ya kamata ki tsaya ki yi wa masu sauraronki bayani a hankali, domin nan ne ƙashin maganar. Katalis abu ne da ke sa haɗuwa ta faru ko ta yi sauri ba tare da ya ƙare a cikinta ba. A wannan aiki faladiyam ne katalis, kuma aikinsa irin na dillali ne: ya kamo mai saye, ya kamo mai sayarwa, ya haɗa hannunsu, ya wuce neman wani cinikin. Da farko faladiyam yana kutsawa tsakanin kabon da bromin ko iyodin da ke jikin sinadari na farko, ya riƙe su biyun. Daga nan sinadari na biyu, mai boron, ya miƙa masa nasa kabon. A ƙarshe kabon biyun da suka tsinci kansu kusa da juna a jikin faladiyam su ɗaure, faladiyam ya koma yadda yake ya sake zagayowa. Mataki na biyu ne ya gagara da boron. Abin da Suzuki da abokin aikinsa Norio Miyaura suka gano shi ne in aka zuba alkali a cikin haɗin, miƙa kabon ɗin yana faruwa. A maƙalarsu ta 1981 alkalin da suka yi amfani da shi sodiyam kabonet ne a narke cikin ruwa, wato babban sinadarin da ke cikin kanwar da ake sayarwa a kasuwanninmu, sai dai tataccensa.

Ki lura da abin da ya faru a nan. Sanyin halin boron, wanda ya sa aka raina shi, shi ne ya zama ƙarfin hanyar. Tunda ba ya afka wa komai sai faladiyam da alkali sun hallara, ana iya ajiye asid ɗin boronik, wato sinadarin mai boron da ake haɗin da shi, a kwalba a kan kanta, iska da danshi ba sa lalata yawancinsu. Ana iya yin haɗin da ruwa a ciki. Sauran sassan sinadarin, waɗanda hanyar Grignard za ta farfasa, suna wucewa lafiya. Ragowar boron kuma gubarsa kaɗan ce, ruwa yana wanke ta. Ɗalibin da ya shiga ɗakin gwaje-gwaje wata ɗaya da ya wuce yana iya yi ya samu sakamako. A ganina wannan na ƙarshe ya fi duk sauran muhimmanci, kuma babu wani alƙalami da ke auna shi.

Maƙalolin farko sun fito a 1979, ɗaya a Tetrahedron Letters da sunayen Miyaura da Yamada da Suzuki, ɗaya a Chemical Communications. A shekarar ce kuma aka ba malaminsa Brown kyautar Nobel. Wadda ta fi kowacce amfani ga masu haɗa magani, wato haɗa zoben benzin da zoben benzin, ta fito a 1981 a Synthetic Communications, da sunayen Miyaura da Yanagi da Suzuki. 'Yan shafuka ne, kuma mujallar ba ta cikin waɗanda ake alfahari da su a wajen neman ƙarin girma. Da a ce da darajar mujalla ake yanke hukunci, da an wuce wannan maƙala ba a waiwaya ba. Kuma ba nan take ta karɓu ba, sai da aka shiga shekarun 1990 sannan kamfanoni suka rungume ta sosai. Nobel ta zo a 2010, shekara 31 bayan maƙalar farko, aka raba ta tsakanin Suzuki da Negishi da Richard Heck.

To, ina alƙaluma suke shigowa? Aikin Suzuki da aka fi ambata ba maƙalar 1979 ba ce, ba kuma ta 1981 ba. Bitar da shi da Miyaura suka rubuta a Chemical Reviews a 1995 ce, wadda ambatonta ya haura 10,000. Bita ba ta ƙunshi sabon gwaji, tattara abin da aka riga aka yi ne, amma marubuta sun fi son kafa hujja da ita domin ambato ɗaya ya wadatar. Saboda haka jerin ambato zai nuna miki bitar a sama, asalin ganowar a ƙasa. Akwai kuma wani abu da ya fi wannan: hanya in ta zama ruwan dare, mutane suna daina ambaton tushenta. A yau mai bincike zai rubuta cewa ya haɗa sassa biyu ta hanyar Suzuki, ya wuce, babu lambar madogara, kamar yadda ba wanda ke ambaton maƙalar Grignard ta 1900. Ma'aikatan kamfanonin magani da ke yin wannan haɗi kullum, yawancin aikinsu ma ba ya fitowa a mujalla, yana cikin littattafan aikinsu da takardun rajistar mallaka. Don haka a daidai lokacin da tasiri ya kai ƙololuwa, ambato yana fara gaza ƙirga shi.

Ma'aunin h da Jorge Hirsch, masanin fiziks a San Diego, ya kawo a 2005 yana da nasa amfani. In aka ce h ɗin mutum 40 ne, ana nufin yana da maƙaloli 40 da kowacce aka ambata aƙalla sau 40. Yana nuna wanda ya daɗe yana fitar da aikin da ake karantawa. Amma a wannan lissafi, maƙalar da ta canza yadda ake haɗa magani a duniya maki ɗaya take bayarwa, daidai da wadda aka ambata sau 41 aka manta da ita. Kuma mai babban ɗakin gwaje-gwaje da ɗalibai talatin zai fi mai ɗalibai uku a wannan ma'auni ko da na biyun ya fi zurfi.

Labarin Richard Heck ya kamata ya shiga bayaninki ko da a taƙaice. Yana aiki a kamfanin Hercules a jihar Delaware ya fitar da maƙaloli bakwai a jere a 1968 a Journal of the American Chemical Society, duka da sunansa shi kaɗai, a kan yadda faladiyam ke ɗaura kabon da kabon. Ya koma Jami'ar Delaware a 1971, ya yi ritaya a 1989, kafin hanyar da ke ɗauke da sunansa ta gama cika masana'antu. Wanda ya auna shi a ranar da ya ajiye aiki ba zai ga mutumin da aka kira Stockholm don karɓar Nobel bayan shekara 21 ba. Ya rasu a Manila a 2015. Tsutomu Mizoroki na Japan, wanda ya buga irin wannan haɗi a 1971, ya rasu tun 1980 bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Yanzu ga inda zan so ki duba da kanki. Ki fara da masana'antu. Losartan, maganin hawan jini da likitocinmu ke rubutawa kullum, yana da zobba biyu na benzin a ɗaure a tsakiyarsa, kuma hanyar da masanan kamfanin Merck suka tsara don yin sa da yawa ta dogara da haɗin Suzuki wajen wannan ɗauri. Kamfanin BASF na Jamus yana yin boscalid, maganin feshi na cututtukan fumfuna a gonaki, fiye da tan 1,000 a shekara ta wannan hanya. Sinadaran da ke cikin allon waya da na talbijin, da yawansu zobba ne a jere da ake haɗawa haka. Kamfani ba ya ɗaukar hanya don sunan mai ita, sai ya lissafa kuɗi da haɗari da tsafta ya ga ta fi sauran. Mujallar Organic Process Research & Development ita ce inda masanan kamfanoni ke bayyana abin da ya yi aiki a babbar tukunya, ki nemi sunan hanyar a cikinta za ki ga abin da nake nufi.

A 2016 Dean Brown da Jonas Boström na kamfanin AstraZeneca suka kwatanta hanyoyin da masu neman sabbin magunguna ke amfani da su a 1984 da na 2014. Haɗin Suzuki ya fito cikin hanyoyi ukun da suka ce sun mamaye fannin. Sun kuma yi wani gargaɗi da ya dace ki faɗa, domin shi ma shaidar tasiri ce ta wata fuska: sauƙin hanyar ya sa masana suna ta haɗa sinadarai masu siffa iri ɗaya, zobe a jikin zobe, shimfiɗaɗɗu, suna barin wasu siffofin da jikin ɗan Adam zai iya fi karɓa. Hanya ta kai matsayin da take juya tunanin mutane wajen zaɓar abin da za su gina tun kafin su ɗauki kwalba.

Sai ki duba gwaji mai tsanani. Yoshito Kishi na Jami'ar Harvard ya haɗa palytoxin, wata guba daga halittar teku ta Hawaii, ɗaya daga cikin sinadarai mafiya sarƙaƙiya da aka taɓa ginawa da hannu, ya kammala a 1994. Wajen haɗa manyan sassanta biyu ya yi amfani da hanyar Suzuki, bayan ya canza alkalin don haɗin ya yi sauri. Sassan da aka kwashe shekaru ana ginawa ba a miƙa su ga hanyar da ba a amince da ita ba.

Sai kuma abin da wasu suka gina a kai. A 1995 Miyaura da Tatsuo Ishiyama suka samo hanyar manna boron a zobe da faladiyam kai tsaye, abin da ya sauƙaƙa samun kayan aikin. A 1998 Stephen Buchwald da Gregory Fu, kowa da ɗakinsa a jami'ar MIT ta Amurka, suka nuna cewa in aka lulluɓe faladiyam da wasu manyan sinadaran fosfin, zai iya kutsawa tsakanin kabon da kulorin, wanda ya fi arha nesa ba kusa ba. Martin Burke na Illinois ya samo yadda ake rufe boron a buɗe shi lokacin da ake so, har ya gina na'urar da ke jera sassa ɗaya bayan ɗaya a 2015. Masu sayar da sinadarai yanzu suna da dubban nau'o'in asid ɗin boronik a kundinsu, kasuwar da babu ita kafin wannan aiki. Suzuki bai yi rajistar mallakar hanyar ba, kuma ya sha faɗin cewa hakan ya taimaka wajen yaɗuwarta, tunda kowa na iya ɗauka ba tare da neman izini ba.

Akwai wani darasi da nake so ɗalibanmu su riƙa ji. A 2003 Nicholas Leadbeater, yana Landan a lokacin, ya buga cewa ya yi haɗin Suzuki ba tare da faladiyam ba. Maganar ta ja hankali ƙwarai. A 2005 shi da abokan aikinsa suka sake bincike suka bayyana cewa sodiyam kabonet ɗin da suka saya yana ɗauke da ɓurɓushin faladiyam, kimanin kashi 50 cikin biliyan ɗaya, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin ne ke yin aikin. Ya cancanci yabo da ya fito ya gyara da kansa. A 2021 wata maƙala a Nature Catalysis ta sake yin irin wannan da'awa, wasu ɗakunan gwaje-gwaje suka gwada suka gano faladiyam ne a ɓoye, aka janye ta. Irin waɗannan maƙaloli suna samun ambato mai yawa, har da na masu ƙaryata su, kuma na'urar ƙirga ba ta bambanta ambaton yabo da na gyara. Shi ya sa nake girmama mujallar Organic Syntheses, wadda tun 1921 ba ta buga hanya sai wani ɗakin gwaje-gwaje daban ya maimaita ta ya samu abin da aka ce.

Ina roƙonki ki rubuta sunan hanyar cikakke, Suzuki da Miyaura. Sunan Miyaura ne na farko a maƙalolin 1979 da ta 1981 da bitar 1995. Dokar Nobel ba ta wuce mutum uku, don haka bai shiga ba, amma ba dole ne mu bi wannan iyaka a rubutunmu ba. Kyauta ma ma'auni ce mai giɓi kamar sauran.

Na san dalilin da ya sa abokin karatunki ya faɗi abin da ya faɗa. A jami'o'inmu ƙarin girma yana tafiya da ƙirgen maƙaloli, kuma wannan ya sa ana yanka aiki ɗaya gida uku, ana biyan kuɗi ga mujallun da ba sa tantance komai. Abin yana damuna, domin yana koya wa matashi cewa fitar da takarda shi ne aikin, alhali aikin shi ne a samu abin da zai tsaya in wani ya gwada. Ba na cewa a daina bugawa. Suzuki ya buga da yawa, kuma shekarun da ya kwashe yana gwada boron ta kowace fuska kafin 1979 su ne suka sa ya gane abin da ya gani. Yawan aiki ne ya haifi waɗannan maƙaloli 'yan kaɗan, amma 'yan kaɗan ɗin ne ake aunawa.

In kina son rufe bayaninki da abin da ya rage ba a warware ba, akwai shi da yawa. Faladiyam yana da tsada, yawancinsa daga Rasha da Afirka ta Kudu yake fitowa, kuma a watan Maris na 2022 farashin oza ɗaya ya haura dala 3,000. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ba ta yarda mai shan magani ya haɗiyi fiye da maikirogiram 100 nasa a rana ba, don haka kamfani yana kashe kuɗi wajen saye, ya sake kashewa wajen cire shi daga maganin. Ana ta ƙoƙarin maye gurbinsa da nikel ko baƙin ƙarfe, kuma har yanzu ba su kai shi amana ba. Haɗa kabon da ba na zobe ba, wanda zai ba da siffofi masu tudu da kwari, ya fi wuya sosai. Wasu asid ɗin boronik kuma, musamman na firidin, wato zobe irin na benzin mai atam ɗaya na naitirojin, in boron ɗin yana kusa da naitirojin, suna zubar da boron ɗinsu a cikin ruwa kafin faladiyam ya iso gare su. Guy Lloyd-Jones na Edinburgh ya auna saurin wannan lalacewa dalla-dalla a 2016 da 2017, ya nuna yadda tsami ko alkalin ruwan ke juya ta. Zoben firidin yana cikin magunguna masu yawa, saboda haka duk wanda ya samo hanya mai arha da ke haɗa shi ba tare da wannan asara ba, kamfanoni za su ɗauka ko a wace mujalla ya buga.